Kayan oda na ɓacewa a gidajen haya, laifin mai kawowa ne ko na 'yan gida?

Maman Biyu Barnawa: Assalamu alaikum jama'a dan Allah shawara nake nema. Gidan da muke haya a Barnawa nan Kaduna get ɗaya ne kowa da ɓangarensa, ba maigadi, kuma 'yan watannin nan kayan da mutane ke oda a waya sai su ɓace tsakanin bakin get da ƙofar ɗaki. Nawa atamfa ce da leshi na ɗinkin biki, wata ta siya min a Kantin Kwari a Kano ta sa a mota, mai mashin ya karɓo daga tashar Kawo ya kira ni ina wajen aiki nace ya ɗan jira yace shi yana da wasu saƙonnin, ƙarshe ya kira yace ya ba wata yarinya a gidan. Na dawo na bi ɗaki ɗaki kowa yace bai gani ba. Kafin nawa an yi na maƙociyata takalman yara, shi ma haka ya tafi. Yanzu gidan kowa sai kallon kowa yake. Ku da kuke haya ya kuke yi da naku?

Ɗan Rigasa: Wa alaikissalam. Allah ya mayar da alheri anti. Amma wace yarinya? Bai tambayi sunanta ba?

Maman Biyu Barnawa: Yace doguwa ce da hijabi ruwan toka. Rabin 'yan matan layinmu kenan ai.

Ɗan Rigasa: To mai mashin ɗin nan shi za ki riƙe, wa ya sani ko babu wata yarinya, a jakarsa kayan suka kwana

Mai Dilibari Kawo: Haba ɗan uwa, daga jin magana sai ka yanke hukunci. Ni wannan sana'ar nake yi kuma ba na kare kowa, akwai ɓata gari a cikinmu kamar kowace sana'a, amma bari ku ji ta ɓangarenmu. Mu kuɗinmu a kan kowane saƙo ne ba albashi ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma kowane zagaye da ka ƙara daga aljihunka yake fita. Za ka taso daga Kawo zuwa Barnawa, ka kira kwastoma sau biyar ba ta ɗauka, ko ta ɗauka tace tana asibiti ko makaranta ka jira minti goma, minti goman nan ya zama awa, alhali kana da abincin wani a baya da za ka kai Narayi yana hucewa. Sannan adireshi, Allah sarki, "bayan masallaci gida mai baƙin get", a Tudun Wada ko Unguwar Mu'azu gida nawa ne bayan masallaci mai baƙin get? In ka gaji ka ce a ba wa, sai a ce maka "ka ba duk wanda ka gani a gidan". Wlh wannan maganar ita ce tushen matsalar, kullum sai na ji ta. In kaya ya ɓata kuma an manta an faɗa.

Maman Biyu Barnawa: Ni dai ban ce ya ba kowa ba, ka jira nace.

Mai Dilibari Kawo: To in haka ne shi ya yi kuskure Hajiya, ba ruwan 'yan gidanku tukuna. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya wuce da kayan ya gama zagayensa ya dawo, ko ya kai miki wajen aikin ki ƙara masa kuɗin mai. Ni ba na sakin kaya sai mai shi ya faɗa min sunan wanda zan ba, kuma in haɗa su a waya a gabana in ji muryarsu biyu.

Hajiya Mai Turare: Ni mai saidawa ce, humra da turaren wuta nake turawa har Zariya da Abuja, kuma na sha wannan rigimar har na gaji. Abin da na koma yi yanzu, kafin kaya su bar hannuna ina tura ma kwastoma lamba huɗu a WhatsApp, in tura ma mai mashin ita ma. Duk wanda ya fito karɓa sai ya faɗi lambar, bai faɗa ba ba kaya ko da ya rantse shi ne mijinta. Ba ni na ƙirƙiro ba manyan kamfanoni ma suna yin irin haka, ni dai da hannu nake yin tawa. Domin akwai wani salo da mutane ba su sani ba, yaro zai zauna bakin layi yana ganin mai mashin ya tsaya yana waya yana ambaton suna, da ya kashe sai ya matso yace "na Anti wance ne? ni ƙaninta ne tace in karɓa". Sunan daga bakin mai mashin ɗin ya ji shi fa. Ba ɗan gidan ba ne ma sam, amma 'yan gida za a zarga.

Uwar Marayu: Innalillahi. Wannan ban taɓa tunaninsa ba

Hajiya Mai Turare: Kuma 'yan uwana masu saidawa ku daina rubuta abin da ke ciki a jikin kwali. Ka ga an rubuta waya ko agogo ɓaro-ɓaro da alƙalamin maka, ga suna ga lamba. Baƙar leda, salatif, suna da lambar waya kawai ya isa. Ku kuma masu siye ku daina sa hoton kaya a sitatus kuna cewa yana hanya, rabin gidan suna da lambarku.

Injiniya Sola: Duk wannan dogon zance ne, kamara ita ce magani. Yanzu akwai mai sola da batirinta a ciki, ba ruwanta da wutar NEPA, wata da layin waya take aiki wata da memori kawai, ka kafa ta sama da get kana gani a wayarka ko kana Legas. 'Yan gida su haɗa kuɗi a siya ɗaya, ko ba a kama kowa ba ganinta kaɗai yana hana mai niyya.

Uwar Marayu: Injiniya kai namiji ne shi yasa. Gidan haya irin namu tsakar gida ɗaya, nan muke wanki nan muke girki nan muke fitowa daga wanka da zani ɗaurin ƙirji, sai a kafa mana ido a sama kuma hoton yana shiga wayar wani ƙato? Wayar wa ma tukun? Wlh gara atamfata ta ɓata.

Injiniya Sola: Anti ba ciki za ta kalla ba, waje za a juya ta, bakin get da titi kawai.

Uwar Marayu: Wadda ake juyawa daga waya? Na san irinta, yau tana kallon titi gobe tana kallon igiyar shanya.

Injiniya Sola: Gsky kina da hujja. To a siyo wadda ba ta juyawa, a ɗaure ta a bangon waje, memori kawai ba layi, a sa mata kejin ƙarfe da kwaɗo, ba mai buɗewa sai an yi ɓata kuma a gaban mutum biyu. Amma ku sani memori in ya cika gogewa yake yana ɗora sabo, in abu ya ɓata ranar Litinin kada a jira sati biyu kafin a duba.

Ɗan Rigasa: Kamara ta nuna maka yarinya da hijabi da takunkumi a fuska, sai ka yi yaya da hoton? Kuma a Rigasa kamarar kanta sai an sa mata maigadi

Lauyan Unguwa: Bari in ɗan sa baki. Na farko a kan wa zai biya, a duba wa ya ɗauko mai mashin. In mai saidawa ce ta turo shi to ɗan aikenta ne, kaya bai iso ba sai ya shiga hannunki ko hannun wanda kika ambata, ita za ki nema ita kuma ta nemi nata. In ke kika kira shi ya je tasha ya karɓo miki to wakilinki ne, mai saidawa ta fita, tsakaninki da shi ne. Shi yasa nake ce wa mutane umarni a rubuce a WhatsApp, ba a kira ba, kira iska ne. Na biyu, ku yi hattara da nuna yatsa. A kundin dokar laifuka, Penal Code, da muke aiki da shi a Kaduna sata laifi ne, cin amana laifi ne daban, amma ɓata suna ma laifi ne. Na ga inda kayan 'yan kuɗi kaɗan ya ɓata, aka ce 'yar wance ce ta ɗauka, ƙarshe wadda aka yi wa satar ita ta koma tana ba da haƙuri a gaban alƙali. Na uku batun kamara, Uwar Marayu ba ta yi kuskure ba, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, hoton mutum yana cikin bayanansa. A samu yardar kowa a gidan, a rubuta a bango cewa akwai kamara, kuma ba a yaɗa hoton a guruf ana cewa ga ɓarauniya.

Maman Biyu Barnawa: Barista ni na kira shi, wani ne ya ba ni lambarsa. Kenan ni da shi ne.

Lauyan Unguwa: Ke da shi ne. Ki fara da lalama, yawancinsu suna da shugabanni a inda suke tsayawa a tasha, ki kai magana can kafin ofishin 'yan sanda. Sau da yawa a nan ake sasantawa a raba asarar.

Kiyateka Malali: Ni gidaje nake kula da su na wani Alhaji da ba ya gari, falat-falat ne da sef kon. Gaskiya ɗaya ce, mai gida ba zai saka sisi a wannan maganar ba, ba ta cikin yarjejeniyar haya, shi rufin da ke yoyo ma sai an yi ta bin sa. Kuma in akwai maigadi kada ku ɗauka an gama. Maigadi an ɗauke shi ya buɗe get ya rufe, ba a ɗauke shi ya zama sito ba, ɗakinsa ko sakata mai kyau babu, abokansa na shigowa shan shayi, ya tafi sallah ya bar kwali a kan benci. In abu ya ɓata shi ne na farko da za a kama don shi ne talaka. Abin da muka yi a gida ɗaya, littafi muka siya irin na 'yan makaranta. Kaya ya zo a rubuta rana, lokaci, sunan mai shi, lambar mai mashin, mai mashin ya sa hannu. Mai kaya ya dawo ya sa hannu ya ɗauka. Sai muka sa akwatin ƙarfe a ɗakin maigadin da makulli a wuyansa, kuma duk mai yawan oda yana ɗan ba shi wani abu ƙarshen wata. Tun daga nan ban ƙara jin ƙara ba a wannan gidan. Ɗayan gidan kuwa sun ƙi haɗa kuɗin akwatin, har gobe suna faɗa.

Ɗan Rigasa: Maigadin namu ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko oga

Kiyateka Malali: Ya rubuta da ajami, ko mai mashin ya rubuta shi ya dangwala. Namu ma haka yake yi.

Malamin Islamiyya: Allah ya saka wa kowa. Akwai abin da nake so a lura da shi don kada a zalunci maƙoci. Kayan da ka karɓa ka ajiye wa wani amana ce, a fiƙihu ana ce mata wadi'a, kuma Allah ya yi umarni a mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i aya ta 58. Amma hukuncinta a wajen malamanmu shi ne wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya taɓa ta ba da izini ba. Ya kulle a ɗakinsa ɓarawo ya fasa ya ɗauka har da nasa, ba a bin sa komai. Ya bari a zaure ya shige barci, to ya yi sakaci. Sannan ba a ɗora wa mutum amanar da bai karɓa ba. Ka ce "a ajiye wajen Maman wance" ba ka kira ta ba ba ta amsa ba, ko a miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai, wannan ba ajiya ba ce jefarwa ce. Hausawa sun ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Sai kuma zargi, Hujurat aya ta 12 ta hana mu yawan zato. Gida ya lalace a kan atamfa, matan da ke karɓar wa juna haihuwa su daina gaisawa, wannan asarar ta fi ta kayan.

Maman Biyu Barnawa: Allah ya gafarta Malam wlh haka gidan ya koma, wadda muke girki tare yanzu sai sannu sannu.

'Yar Kabala: Anti kafin ki yi nisa ki sake dubawa da kyau, ba duk ɓata ne sata ba. Gidanmu Maman Fati uku ne 😂 kaya ya zo aka ba yaro ya kai ɗakin Maman Fati, ya kai wa ta ƙarshe, ita kuma ta yi tafiya Kafanchan mijin ya ɗauka nata ne ya jefa saman wadrob. Sai da ta dawo aka gano, lokacin an riga an yi rantse-rantse har da cewa za a ɗauko Alƙur'ani. Yanzu mun sa wa ɗakuna lamba da fenti, oda kuma da lambar ɗaki ake yi.

Ɗan Manchesta: Mu nan Ingila ma ana fama, a ajiye maka a bakin ƙofa a ɗauki hoto a tafi, kafin ka dawo wani ya wuce da shi, Amurka ma haka. Abin da ya rage abin shi ne akwatunan ƙarfe da ake jerawa a shaguna da gidajen mai, Amazon na da nasu, mai kawowa ya saka ya rufe a turo maka lamba a waya ka je ka buɗe lokacin da ka ga dama. Me zai hana a yi ƙaraminsa a gida? Masu walda na kasuwar Panteka ai ba abin da ba sa ƙerawa.

Ɗan Rigasa: Akwatin ƙarfe a waje? 'Yan bola jari suna gaishe ka. Waɗanda ke cire murfin kwalbati da ƙarfen taga ne za su bar akwati

Injiniya Sola: Ba a waje ake sa shi ba, ta cikin katanga ake ɗaure shi, a fasa baki ta waje kamar na akwatin gidan waya, da marfi mai lanƙwasa ta yadda in kaya ya faɗa hannu ba ya kai wa. Ana iya yi.

Kiyateka Malali: A fasa katangar wa? Ku fara tambayar mai gida kafin a cire muku a kuɗin gyara. Kuma makullin akwatin hannun wa? In kowa na da kofi an koma gidan jiya.

Hajiya Mai Turare: Ga zafi kuma. Ku saka man shafawa ko cakulan ko magani a akwatin ƙarfe ranar Maris ko Afrilu a Kaduna ku dawo da yamma ku gani. Kek da abinci ma ba a maganarsu. Atamfa da takalmi dai to.

Mai Shagon Kwana: Ni duk wannan a kaina yake ƙarewa, shagona na bakin layi ina POS, kullum sai an ce "a ajiye wajen mai shago". Da ina karɓa don kunya, yanzu na sa sharaɗi kuma wasu sun ji haushi. Sai wanda na sani fuska da fuska kuma ya kira ni da kansa kafin kayan su zo. Ba na karɓar kayan da ba a biya ba, don an taɓa sa ni na ciro kuɗin ciniki na biya mai mashin, mai kayan ya zo ya buɗe yace ba kalar da ya ce ba ce shi ba ya so. Ba na karɓar kwali daga tasha da ban san mai shi ba ko za a ba ni nawa, ku kuna jin labarin yadda NDLEA ke kama ƙwayoyi a cikin saƙon mota, a same shi a ƙarƙashin kantata wa zai yarda ba nawa ba ne? Waya da kwamfuta da gwal kuma a'a, ba ni da wajen ajiyarsu. Mai irin wannan ya je ofishin kamfanin ya karɓa da kansa, Jumia na da wuraren karɓa, kamfanonin aika saƙo GIG da DHL duk suna da ofis a gari, ko ya sa a kai masa wajen aiki.

Uwar Marayu: Gaskiyarka ne Malam. Nawa kake karɓa?

Mai Shagon Kwana: Ban yanka ba, amma da za a yi adalci ko N200 a kan kowane ƙulli ai ba ta yi yawa ba. Wasu na bayarwa, wasu ko sannu.

Ɗan Rigasa: Na biya kaya, na biya mota, na biya mai mashin, in kuma biya mai shago? Gara in hau keke in je Kawo ko Mando in karɓo abina

Mai Dilibari Kawo: Ka je mana ɗan uwa ba wanda ya hana, in direba ya iso ƙarfe sha ɗaya na dare ko ya kira ka kana tsakiyar aiki yace zai juya Kano yanzu yanzu sai ka san amfaninmu. Ni dai roƙona ga masu oda, ku tura lokeshan a WhatsApp kada ku tsaya kwatance, ku faɗi lokacin da kuke gida tun kafin mu taso, wayarku ta kasance da caji, in ba kwa nan ku ba mu suna ɗaya da lambarsa, babba ba yaro ba. Hoto kuma muna ɗauka, in mace ce ba ta son fuskarta sai mu ɗauki kayan a hannunta da ƙofar ɗakin.

'Yar Kabala: To Mai Shago ranar Juma'a fa da kake rufewa, ko Lahadi da rabin gidanmu ke coci rabi kuma sun tafi biki?

Mai Shagon Kwana: Juma'a daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi ba na nan, kowa a layin ya sani. Wanda kayansa zai zo a wannan tsakanin ya ce wa mai mashin ya fara da wata unguwar. Lahadi ƙanina ne a shagon kuma na hana shi karɓar ajiya, don shi mantuwa gare shi, sai ya ba ka kwalin wani ka tafi da shi.